Yaƙin Koriya: Abin da karon jiragen Sabre da MiG-15 ke koya wa masu sayen jiragen yaƙi a yau

A ƙarshen watan Afrilun 2025 ne Koriya ta Arewa ta fito fili ta amince cewa ta tura sojojinta yankin Kursk domin taya Rasha yaƙi da Yukren, bayan ta shafe kusan wata shida tana nuƙu-nuƙu a kan batun.

Ba a yi mako biyu da hakan ba sai jiragen yaƙin Indiya da na Pakistan suka kara da juna. Pakistan ta ce ta kakkaɓo jiragen Indiya har shida, ciki har da samfurin Rafale ƙirar Faransa. Babban hafsan tsaron Indiya, Janar Anil Chauhan, ya amince an yi asara amma ya ƙi faɗin adadi. Daga baya shugaban rundunar sojin saman Indiya ya ce su ma sun harbo jiragen yaƙin Pakistan biyar, Pakistan kuma ta ce ba a taɓa ko ɗaya ba.

Duka abubuwan nan biyu, wato tura mayaƙa a ɓoye da kuma gardama kan yawan jiragen da aka harbo, an taɓa ganin irinsu a wuri guda: sararin samaniyar Koriya tsakanin 1950 da 1953, inda jirgin Amurka samfurin F-86 Sabre ya yi gaba da gaba da MiG-15 na Tarayyar Sobiyet. Shi ne karon farko da jiragen jet suka yi ta gwabzawa da juna a fagen daga, kuma abin da ya faru a can bai daina tasiri ba.

Yadda MiG ya shammaci Amurka

Lokacin da dakarun Koriya ta Arewa suka tsallaka zuwa Kudu ranar 25 ga Yunin 1950, Amurka ba ta sha wahala a sama ba. Jiragen da Arewa take da su masu farfela ne, ragowar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma cikin 'yan makonni aka gama da mafi yawansu. Manyan jiragen jefa bama-bamai na B-29 suka riƙa shawagi da rana tsaka ba mai ce musu uffan.

Labari ya sauya bayan da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur suka doshi kogin Yalu, wanda ya raba Koriya da ƙasar Sin. A ƙarshen Oktoba Sin ta shigo yaƙin da ɗimbin sojoji. Ranar 1 ga Nuwamba kuma matuƙan Amurka suka hangi wasu jirage masu fukafukai a karkace zuwa baya suna tsallako kogin da gudun da ba su taɓa gani ba.

Jiragen jet ɗin da Amurka take da su a wurin, kamar F-80 Shooting Star, masu miƙaƙƙun fukafukai ne, kuma MiG-15 ya fi su gudu da nisa. Ala tilas aka loda F-86 Sabre a jiragen ruwa aka garzaya da su Gabas Mai Nisa. Ranar 17 ga Disamban 1950 Laftanar Kanar Bruce Hinton ya harbo MiG na farko da Sabre.

Duk da zuwan Sabre, B-29 bai tsira ba. Ranar 12 ga Afrilun 1951 MiG suka kakkaɓo uku. Ranar 23 ga Oktoban shekarar, a harin filin jirgin Namsi, an tura tara, uku suka faɗi a wurin, mafi yawan sauran kuma suka koma a raunane. Daga nan Amurka ta mayar da hare-haren B-29 zuwa dare.

Jirgi biyu, tushe ɗaya

Wanda ya ga Sabre da MiG-15 daga nesa zai iya ɗauka 'yan gida ɗaya ne, kuma akwai dalili. Duka biyun sun amfana da binciken da injiniyoyin Jamus suka yi a lokacin yaƙi kan karkata fiffike zuwa baya domin jirgi ya iya kusantar saurin sauti. Bayan faɗuwar Jamus a 1945, Amurka da Sobiyet kowa ya kwashi takardu da ƙwararrun da hannunsa ya kai gare su. Sabre ya fara tashi ranar 1 ga Oktoban 1947, MiG-15 ya biyo baya a ƙarshen Disamban shekarar.

Injin MiG kuwa asalinsa na Birtaniya ne. A 1946 gwamnatin Clement Attlee ta amince a sayar wa Mosko injin Nene na kamfanin Rolls-Royce. Injiniyoyin Sobiyet suka kwance shi, suka kwaikwaye shi, suka ƙara masa ƙarfi. Shekara huɗu bayan nan ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, domin Birtaniya na cikin ƙasashen da suka tura dakaru Koriya.

Bambancin jiragen ya samo asali ne daga aikin da aka ƙera kowanne ya yi. An yi MiG ne domin tare manyan jiragen bama-bamai, don haka aka ba shi igwa ɗaya mai milimita 37 da biyu masu milimita 23. Ba shi da nauyi, ya fi Sabre saurin hawa, kuma yana iya kaiwa tsayin da Sabre ba ya kaiwa. Wannan ya ba matuƙinsa damar zaɓar lokacin da zai far wa abokin gaba da lokacin da zai janye.

Sabre yana da mashinga shida masu milimita 12.7, waɗanda harsashinsu bai kai na igwa ɓarna ba amma sun fi saurin ɓari. Ya fi MiG biyayya ga matuƙi idan gudu ya yi gudu, musamman wajen sulmiyowa ƙasa. Yana da na'urar saiti mai amfani da rada wajen auna tazara. Murfin gilashin da ke kan matuƙi yana ba shi damar ganin ko'ina har bayansa. Matuƙan Amurka kuma suna sanye da wata riga mai matse ciki da ƙafafu, wadda ke hana jini zurarewa daga ƙwaƙwalwa idan jirgi ya yi kwana mai tsanani. Takwarorinsu na MiG ba su da ita, don haka suna saurin galabaita.

Sirrin da ɓangarorin biyu suka rufe

A hukumance Tarayyar Sobiyet ba ta cikin yaƙin. A zahiri kuwa, matuƙan da suka fara tuƙa MiG a Koriya 'yan Sobiyet ne na runduna ta 64, kuma da yawansu sun goge a yaƙi da Jamus. Ɗaya daga cikin kwamandojinsu shi ne Ivan Kozhedub, wanda ya fi kowane matuƙin ƙawancen da ya yaƙi Hitler yawan harbo jirage. An hana shi tashi da kansa saboda gudun abin da zai biyo baya idan aka kama shi.

An fenta wa jiragen tambarin Koriya ta Arewa, an ba matuƙan kakin sojan Sin ko kayan farar hula. An hana su shawagi a kan teku ko kusa da bakin daga, don kada wanda aka harbo ya faɗa hannun Amurka. Har umarni aka ba su su riƙa magana da yaren Koriya a rediyo, amma da wuta ta yi wuta kowa sai ya koma harshen uwarsa. Waɗanda suka mutu a cikinsu an binne da yawa a maƙabartar Rashawa da ke Port Arthur a ƙasar Sin.

Amurka tana sauraron waɗannan maganganu na rediyo, ta san da wa take faɗa. Amma gwamnatin Harry Truman ta zaɓi a bar kaza cikin gashinta. Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliyarta a Agustan 1949, kuma fallasa maganar zai iya jawo matsin lamba daga Amurkawa cewa a yaƙi Mosko kai tsaye. Sai bayan rushewar Tarayyar Sobiyet aka buɗe takardun.

Wannan taka-tsantsan shi ya tsara yadda aka yi faɗan. Sansanonin MiG suna Andong, garin da ake kira Dandong a yanzu, a tsallaken kogin Yalu cikin ƙasar Sin, kuma an haramta wa Amurkawa kai musu hari, duk da cewa wasu matuƙan sun riƙa tsallakawa a ɓoye idan suka biyo abokin gaba. Sabre kuwa sai ya taso daga Kimpo ko Suwon, tafiyar sama da kilomita 300, ya iso da man da bai wuce na kimanin minti 20 na faɗa ba. MacArthur ya so a faɗaɗa yaƙin zuwa cikin Sin, ya yi ta sukar gwamnatinsa a fili, Truman ya tuɓe shi ranar 11 ga Afrilun 1951.

Goma da ɗaya, ko biyu da ɗaya?

Bayan yaƙin rundunar sojin saman Amurka ta ce jiragen Sabre sun harbo MiG 792, ita kuma ta rasa Sabre 78 a faɗan sama. Kenan duk Sabre ɗaya da ya faɗi, MiG goma sun faɗi. An shafe shekaru ana maimaita wannan lissafi a littattafai, ana kuma amfani da shi wajen tallar jiragen Amurka ga ƙawaye.

Su ma 'yan Sobiyet suna da nasu lissafin. Sun ce sun harbo Sabre sama da 600, adadin da ya yi wa abin da takardun Amurka suka nuna nisa ƙwarai.

Da aka buɗe kundin Mosko a shekarun 1990, sai aka ga runduna ta 64 ta rasa MiG kimanin 335, Sin kuma ta ce ta rasa sama da 200. Aka kuma lura cewa wasu jiragen Sabre da Amurka ta rubuta cewa hatsari ko matsalar inji ce ta kayar da su, sun faɗi ne a rana da wurin da matuƙan Sobiyet suka ce sun yi harbi. Wani rahoto da cibiyar bincike ta RAND ta Amurka ta fitar a 2008 ya ce ainihin lissafin bai kai biyu da ɗaya ba, kuma idan matuƙin Sobiyet ne a cikin MiG ɗin, kusan kunnen doki ake yi. Wasu masu binciken sun ba Sabre rinjayen da ya fi haka, amma maganar goma da ɗaya ta sha ruwa.

Ba lallai ne a ce matuƙan ƙarya suka yi da gangan ba. Faɗan yakan ƙare cikin daƙiƙoƙi. Matuƙi ya ga harsashinsa ya samu jirgi, ya ga hayaƙi, ya ga jirgin ya nufi ƙasa, sai ya ƙirga shi a matsayin wanda ya faɗi. MiG kuwa yana da juriya, sau da yawa yakan lallaɓa ya koma Andong da ramukan harsashi a jikinsa, makanikai su gyara shi ya dawo. Sannan kowane ɓangare yana da buƙatar gwarzaye. Amurka ta yi ta yayata James Jabara, wanda asalin iyayensa 'yan Lebanon ne, da Joseph McConnell mai jirage 16. Sobiyet tana da Nikolai Sutyagin da Yevgeny Pepelyaev.

Abin da lissafin ya fi nunawa shi ne tasirin mutumin da ke cikin jirgin. A 1951, lokacin da gogaggun matuƙan Sobiyet ke fage, Amurka ta ji jiki. A farkon 1952 Mosko ta kwashe waɗannan rundunoni ɗungurungum ta kawo sababbi waɗanda ba su san dawar garin ba, ga kuma matuƙan Sin da Koriya ta Arewa da ba su daɗe da fara tuƙa jet ba. Amurka kuwa ɗaya bayan ɗaya take sauya matuƙanta, yadda kullum sabon zuwa zai tarar da tsohon hannu ya koya masa. Mafi yawan nasarorin Sabre a wannan lokaci na biyu aka same su.

Satar fasaha ba ta da gida ɗaya

Kowane ɓangare ya ƙwallafa rai sai ya samu jirgin ɗan'uwansa. A Oktoban 1951 Pepelyaev ya harbi wani Sabre, matuƙin ya sauke shi a taɓon bakin teku aka cece shi, amma jirgin ya faɗa hannun 'yan Sobiyet, suka kai shi Mosko suka yi masa filla-filla.

A Afrilun 1953 Amurka ta yi shelar ba da dala 100,000 ga matuƙin da ya fara kawo mata MiG lafiyayye. Ranar 21 ga Satumba, wata biyu bayan tsagaita wuta, wani matashin hafsan Koriya ta Arewa mai shekara 21, No Kum-sok, ya sauka da nasa a Kimpo. Ya ce bai ma taɓa jin labarin tukuicin ba. Aka kai jirgin Okinawa, inda Chuck Yeager, mutumin da ya fara wuce saurin sauti, yana cikin waɗanda suka gwada shi. Ra'ayin da Yeager ya riƙa bayyanawa daga baya shi ne matuƙin da ya fi ƙwarewa zai yi nasara, kowanne daga cikin jiragen biyu aka ba shi.

Babban kamu kuwa sai a 1958 aka yi shi. A rikicin mashigin Taiwan, Amurka ta maƙala wa jiragen Sabre na Taiwan sabon makami mai linzami da ake kira Sidewinder, wanda ke bin zafin injin jirgi. Ranar 24 ga Satumba aka fara amfani da shi a yaƙi. Ɗaya ya soki jikin wani MiG-17 na Sin bai fashe ba, jirgin ya koma gida da shi. Daga ƙarshe makamin ya isa Mosko, kuma cikin 'yan shekaru Sobiyet ta fito da kwafinsa mai suna K-13. Wannan na daga cikin dalilan da har yau Amurka ke jan ƙafa da gindaya sharuɗɗa kafin ta sayar da makamanta na zamani.

An mallaki sama, ba a ci yaƙi ba

Babu gardama cewa Sabre ya yi aikin da aka kawo shi ya yi. Ya takure MiG a kusurwar arewa maso yammacin Koriya, dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suka yi yaƙinsu ba tare da fargabar luguden wuta daga sama da rana ba.

Sai dai hakan bai kawo nasara ba. Daga tsakiyar 1951 bakin daga ya tsaya cik a kusa da inda aka faro. An ƙaddamar da hare-hare kan gadoji da layin dogo domin katse wa dakarun Sin kayan aiki, amma abin da aka rusa da rana sai a gyara shi da dare, kaya kuma su ci gaba da isa a motoci da keken shanu da kafaɗun mutane.

Mafi yawan jiragen da ɓangaren Amurka ya rasa a hannun abokan gaba, bindigogin ƙasa ne suka harbo su. Tsohon jirgin nan mai farfela, Mustang, wanda ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu, shi aka bar wa aikin kai farmaki ƙasa-ƙasa, kuma Amurka ta rasa kimanin 350. Matuƙan Afirka ta Kudu da suka je Koriya su ma da shi suka fara kafin a ba su Sabre a 1953.

Fararen hula ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa Amurka ta jefa bama-bamai kimanin tan 635,000 a Koriya, ciki har da tan sama da 32,000 na napalm mai ƙona duk abin da ya taɓa. An ragargaza mafi yawan biranen Arewa. A Mayun 1953 aka fasa madatsun ruwan noman shinkafa, ambaliya ta share gonaki. Mutanen da suka mutu a yaƙin baki ɗaya sun kai miliyoyi.

Ranar 27 ga Yulin 1953 aka sa hannu kan tsagaita wuta a Panmunjom. Har yau ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba, kuma Amurka na da sojoji kimanin 28,500 a Koriya ta Kudu. Gwamnatin iyalan Kim ta mayar da tarihin wancan luguden wuta hujjar mallakar nukiliya, wanda ta gwada sau shida tsakanin 2006 da 2017. Yanzu kuma ƙasar da Mosko ta tura wa matuƙa a ɓoye ita ce ta tura wa Mosko sojoji.

Abin da ya shafi masu saye a yau

Lokacin da jiragen F-16 suka isa Yukren a Agustan 2024, bayan fiye da shekara ana kai-komo, an yi ta cewa za su sauya alƙiblar yaƙin. Ba a ƙare watan ba aka rasa na farko tare da matuƙinsa, Oleksiy Mes. Jiragen sun taimaka wajen tare makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa, amma ƙarancin matuƙa da makanikai, da tsoron makaman kakkaɓo jirage na Rasha, sun taƙaita abin da za su iya yi a bakin daga. Wanda ya san tarihin Koriya ba zai yi mamaki ba.

Najeriya ma ta san wannan hanya. A 1967, da Amurka da Birtaniya suka ƙi sayar wa gwamnatin Yakubu Gowon jiragen yaƙi, Mosko ce ta kawo MiG-17, magajin MiG-15, aka sauke su a Kano. Da yake ƙasar ba ta da isassun matuƙan jet a lokacin, 'yan Masar ne suka fara tuƙa su.

Shekara 50 bayan nan, cinikin Super Tucano 12 ya tsaya a zamanin Barack Obama bayan harin kuskure da ya hallaka 'yan gudun hijira a Rann a Janairun 2017. Donald Trump ya amince da shi a shekarar, amma sai Yulin 2021 rukunin farko ya iso. A tsakani Najeriya ta sayi JF-17 uku daga Pakistan, daga baya kuma ta ƙulla cinikin M-346 guda 24 da Italiya. Kowane samfuri yana zuwa da nasa horon, da nasa kayan gyaran, da nasa sharuɗɗan.

Don haka idan aka sanar da sabon cinikin jiragen yaƙi, akwai tambayoyin da suka fi sunan jirgin muhimmanci. Matuƙa nawa aka horar, kuma awa nawa suke samu a sama kowace shekara? Wa zai riƙa gyarawa, kuma idan mai sayarwa ya yi fushi daga ina kayan gyara za su fito? Wa ke tantance abin da za a jefa wa bam kafin a jefa? Idan kuma runduna ta ce ta hallaka ɗaruruwan abokan gaba daga sama, wa ya je ƙasa ya ƙirga?

MiG ɗin da No Kum-sok ya gudu da shi yana ajiye a gidan tarihin sojin saman Amurka da ke Dayton a jihar Ohio. Shi kansa ya sauya suna zuwa Kenneth Rowe, ya koyar da aikin injiniya a jami'a, ya rasu a Florida a Disamban 2022 yana da shekara 90, bai ga ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin a hukumance ba.